Yadda Autanmu Ya Tafi Karatu Jami'ar Mishan



Na daɗe ina son yin wannan rubutu amma ina ta jan ƙafa, domin magana ce ta cikin gida, kuma ta taɓa addini. Mu kuwa mun san halinmu, da an taɓo wannan wuri sai hankali ya tashi tun kafin a gama jin zancen. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne, a cikin wata guda mutum uku suka same ni a rumfa da tambaya iri ɗaya: wai da gaske ne ƙanenka a makarantar coci yake karatu? Biyu daga ciki tsegumi ne ya kawo su, na gane daga yadda suka kwantar da murya. Na ukun kuwa ɗansa ne ya shekara biyu a gida bai samu gurbin karatu ba, yana son ya ji gaskiyar lamarin daga bakin wanda ya sani. Saboda irinsa nake wannan rubutu, don na san suna da yawa a cikinmu.

Bari in fara da asalinmu, domin idan ba a san shi ba sauran zancen ba zai zauna ba. Kakanmu ya baro wani ƙauye kusa da Magarya a ƙasar Damagaram lokacin farin 1973, bayan dabbobinsa sun ƙare. Baba yana ɗan yaro a lokacin. Suka sauka Potiskum a gidan wani mai masauki a Tsohuwar Kasuwa, Kaka ya fara dako a kasuwar hatsi, daga dako ya koma awo, daga awo ya samu rumfa. Rumfar nan ce nake zaune a cikinta yau, muna sayar da wake da gero da dawa da gyaɗa. Potiskum kuwa gari ne na Ngizimawa da Karai-Karai da Bolawa, tun 1924 fadar Sarkin Fika take a cikinsa, ga kuma Mai Potiskum da tasa fadar. Mutanen garin sun karɓe mu hannu biyu, mun auri nasu sun auri namu, Innarmu ma a nan aka haife ta. To amma mai karatu ya san abin da nake nufi idan na ce akwai ranar da ake tuna wa mutum cewa baƙo ne. Galibi ranar ita ce ranar da ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma.

Ni iyakar karatuna sakandare. Ina aji huɗu ranar Litinin 10 ga Nuwamba 2014, lokacin da wani ya shiga makarantar kimiyya ta gwamnati ta maza sanye da kayan ɗalibai, ya tayar da bam ana tsaka da taron safe, yara fiye da 40 suka rasu. Ba makarantarmu ba ce, amma akwai 'yan unguwarmu a ciki. Kafin nan an yi na Mamudo a 2013, an yi na Buni Yadi a farkon 2014. Aka rufe makarantu, Baba ya ce in riƙa bin sa kasuwa. Da aka buɗe na koma, na gama a 2017, har da sakamako mai kyau a Kemistiri, duk da cewa sau ɗaya tak na taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannuna, shi ma mako guda kafin jarrabawar WAEC. Na zauna JAMB sau biyu ban samu gurbi ba. A lokacin kuma na fara jin daɗin kuɗin ciniki, sai na haƙura. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, har da ragwantakata a ciki.

Auta ba irina ba ne. Yaro ne mai naci, irin wanda zai kwance rediyo don kawai ya ga abin da ke magana a ciki. Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara 14, ya yi Ahalari da Ishmawi a zaure, ya gama sakandare a 2021 da burin zama likita. Ya ci JAMB da maki mai kyau a shekarar, bai samu ba. Ya sake a 2022, a shekarar kuma ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur mafi yawan jami'o'in gwamnati a rufe. Kuma ko an buɗe, akwai layin waɗanda aka ɗauka tun bara ba su fara ba. Ga wanda bai sani ba, jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga masu maki mafi yawa, 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimi, Yobe na cikinsu. Kashi biyun ƙarshe duk sai da takardar asali. Kada dai a ce na ɗora komai a kan takarda, domin likitanci ko ɗan ƙasa da ƙyar yake samu, masu zaman JAMB ɗin ma a 2024 sun kusa miliyan biyu. Abin da na sani shi ne yaron ya fara ramewa, ya daina taɓa littafi, ya koma zaman majalisa da wasu samari da ban yarda da su ba.

Wanda ya kawo maganar jami'ar mishan malaminsa ne na Kemistiri, wani dattijo ɗan ƙabilar Karai-Karai, Kirista, wanda ni ma ya koyar da ni. Ya zo har rumfa ya zauna a kan buhu, ya ce wa Baba, "Alhaji, yaron nan idan ya ƙara shekara ɗaya a gida mun rasa shi." Ya ce akwai wata jami'a ta coci a tsakiyar ƙasar nan, tafiyar yini guda daga Potiskum, tana ɗaukar ɗalibai a lokacin, za a ba shi Bayokemistiri, kuma ƙanensa yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen makarantar, zai riƙe Auta kamar ɗansa. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, saboda zan faɗi daɗinta da rashin daɗinta, kuma yaron bai gama ba tukuna.

Wani zai ce, me ya hana ku kai shi ta Musulmi? Tambaya ce mai kyau, mu ma mun yi wa kanmu. Akwai Al-Qalam a Katsina, akwai Al-Hikmah a Ilorin, duk tun 2005. Ba wani aibu muka gani a gare su ba. Baba dai ɗan kasuwa ne jikan fatake, a iya saninsa ba a tura yaro garin da ba shi da mai masauki. A Katsina da Ilorin ba mu da kowa. A can kuwa ga mutumin da muka sani shekara da shekaru ya dafa ƙirji ya ce ɗan uwansa zai tsaya.

Daren da aka yi zaman gida ba zan manta da shi ba. Baffa, ƙanen Baba, ya tashi tsaye ya ce, "Yaya, yanzu da hannunka za ka ɗauki yaron da ya sauke Alƙur'ani ka miƙa wa fasto? Me za mu ce wa mutanen gida idan labari ya je Damagaram?" Inna ba ta ce uffan ba, hawaye kawai take sharewa da bakin mayafi. Ni ma a zuciyata ina tare da Baffa, ko da yake ban faɗa ba. Baba ya ce a bar maganar sai ya ga Malam.

Na raka shi bayan sallar asuba. Na zaci Malam zai yanke hukunci nan take, sai ya fara da labari. Ya tuna mana fursunonin Badar, waɗanda ba su da abin fansar kansu aka ce kowannensu ya koya wa yaran Madina rubutu, alhali a lokacin ba su musulunta ba. Ya tuna mana Zaidu bin Sabit da aka umarta ya koyi rubutun Yahudawa. Sannan ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ni ba ilimin nake ji wa tsoro ba. Kaɗaici nake ji wa tsoro. Yaro shi kaɗai, ba kiran salla, ba mai ce masa tashi." Ya sa aka kira Auta, ya yi masa tambayoyi a kan tsarki da salla da ramuwa, ya ce kowane dare ya riƙa kiran yayansa, wato ni, ya karanta masa ko da shafi ɗaya ne. Ya ce wa Baba, ran da ka ji ya fara jin kunyar sunansa, ka je ka ɗauko shi ko saura wata ɗaya ya gama. Baba ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji."

A hanyar komawa gida Baba ya faɗi wata magana da ta tsaya mini. Ya ce lokacin da yana ta rufe idon Kaka, ina muka kai shi? Asibitin ido na mishan da ke Sabon Garin Kano, wanda yake aiki tun 1943. Danginmu na Nijar idan ciwo ya gagara Galmi suke nufa, shi ma na mishan ne, tun 1950. Ga Jankwano a Jos, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham ta cocin ECWA da ke Karu, wadda aka sa wa sunan Rowland Bingham, ɗaya daga cikin Turawan mishan uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar Sudan. Ya ce mun yarda su sa wuƙa a idon ubanmu, amma ba mu taɓa tambayar kanmu a ina suka koyi riƙe wuƙar ba. Ni dai na ce masa, Baba, kwana uku a asibiti daban, shekara huɗu a makaranta daban. Kuma har yau ina kan wannan magana. Mutanen nan ba su taɓa ɓoye cewa wa'azin addininsu ne ya kawo su ba, da asibitin da makarantar duk hanya ce. Wanda zai shiga ya shiga da idonsa biyu.

Ni na raka shi a ƙarshen 2022. Muka bi ta Darazo, Bauchi, Jos, muka gangara. A ofishin rajista aka ba mu takardar dokoki wadda uba ko waliyyi zai sa wa hannu. Na kira Baba a waya na fassara masa ita layi-layi, ban rage komai ba. Dole kowane ɗalibi ya halarci taron majami'ar makaranta a ranakun da aka ware, ana ɗaukar suna. Akwai darasin addininsu da kowa zai yi a shekarar farko. Babu masallaci a cikin makaranta. Ba a fita sai da takardar izini. Baba ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, can ya ce, "Ba shi wayar." Ban san abin da ya faɗa masa ba, na dai ga Auta yana cewa to Baba, to Baba. Sannan na sa hannu.

Watannin farko sun yi masa wuya ƙwarai. A ɗakin kwana yake salla, tsakanin gado da gado, yana duba lokaci a waya. Juma'a ta sha wuce shi saboda takardar izini ba ta fito da wuri ba, sai da ƙanen malamin nan ya shiga maganar, ya riƙa ɗaukarsa a babur tare da wasu yara Musulmi biyu zuwa masallacin cikin gari. Nama kuwa ya daɗe bai ci ba, sai kifi da ƙwai, har sai da ya gano mahautan da ke kawo wa makarantar nama Hausawa ne 'yan uwanmu. A majami'a yakan zauna can baya, idan an tashi ya tashi, idan an zauna ya zauna, bakinsa a rufe. Ya ce mini abin da ya fi damunsa ba wa'azin ba ne, waƙoƙin ne, domin suna da daɗin kama kunne, sai mutum ya tsinci kansa yana wanki yana gunguninsu bai sani ba. Na yi dariya a waya, amma da na kashe sai na kasa barci.

Abokan ɗakinsa biyu ne, ɗaya Tibi daga Binuwai, ɗaya Birom daga Filato. Duk wanda ya san abin da ya faru a Jos a 2001 da 2008 da 2010 ya san irin kallon da Bahaushe da Birom za su fara yi wa juna a ɗaki ɗaya. Sun yi kusan wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su. Akwai kuma wani malami da ya taɓa tambayarsa garinsu a cikin aji, da ya ce Yobe sai ya ce, a'a, ashe muna da Boko Haram a nan, aji ya fashe da dariya. Ranar Auta ya kira ni yana kuka, ya ce gida zai dawo. Na ce masa ya kwana tukuna. Da dare yaron nan Birom ya tambaye shi abin da ya same shi, Auta ya ba shi labarin 10 ga Nuwamba, ya ba shi labarin coci-cocin da aka ƙona a garinmu da masu ibadar da aka kashe, ya ce wutar nan ba ta bar kowa ba. Shi ma ya ba shi labarin nasu mamatan. Da azumin 2023 ya zo, ɗakin cin abinci ba ya buɗewa da asuba, wannan yaron ne yake karɓo masa abincin dare ya ajiye masa na sahur. Akwai dai wani ɗan ajinsu da ya matsa masa da wa'azi da ƙananan takardu, har sai da Auta ya ce masa, ni ma ina da nawa littafin, idan za ka zauna ka ji nawa zan ji naka. Bai sake dawowa ba.

Karatun kansa kuwa, shekarar farko ƙorafi ya yi ta yi, wai shi Bayokemistiri ya zo yi amma an cika shi da Fiziks da lissafi da Kemistiri zalla. Sai a shekara ta biyu ya gane dalili. Bayokemistiri, a yadda ya bayyana mini, shi ne sanin sinadaran da ke aiki a jikin duk wani abu mai rai: yadda tuwon da ka ci yake narkewa ya zama sukari, yadda sukarin yake haɗuwa da iskar da ka shaƙa ya zama ƙarfin da kake ɗaga buhu da shi, yadda hanta da ƙoda suke tace sauran. Kuma ba a ganin waɗannan abubuwa da ido, sai da na'ura, na'urar kuwa Fiziks ce. Ya ba ni misali da wata da ake zuba ruwan jini a 'yar kwalba a saka a ciki, ta haska masa haske, ta auna yawan hasken da ruwan ya shanye, daga nan a lissafa yawan sukari ko wani sinadari. Ya ce a makon farko na shekara ta biyu ya yi gwaji da hannunsa fiye da duk wanda ya yi a shekara shida ta sakandare. Wasu malaman da addu'arsu suke buɗe darasi, shi kuma ya yi bisimillarsa a zuci, sannan kowa ya ɗauki kwalbarsa.

Kada kuma a ɗauka makarantun nan wasa suke yi da kimiyya. A Jami'ar Redeemer's ta cocin Redeemed, ɗakin binciken Farfesa Christian Happi, mutumin Kamaru, yana cikin waɗanda suka tabbatar da cutar Ebola da ta shigo Legas a Yulin 2014, kuma a Maris na 2020 su ne na farko a Afirka da suka karanta tsarin halittar ƙwayar cutar korona. Tun da aka ba jami'o'i masu zaman kansu lasisin farko a 1999, biyu daga cikin ukun farko, Babcock da Madonna, na coci ne. Mun makara, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne cibiyar binciken lafiya da aka buɗe a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu a 2021, ƙarƙashin Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar nan. Duk wanda ya san yadda ciwon ƙoda yake cin mutanen Gashuwa ya san muna buƙatar masu wannan ilimi a kusa. Auta ya ce can yake fatan ya samu shiga idan ya gama.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ba a cika faɗa ba. Jami'ar kuɗi ba ta talaka ba ce, mu ma ba don ana biya kashi-kashi ba da ba mu iya ba. Shekarar farko Baba ya sayar da filinsa. A 2023 aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya ninka. A Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, mu kuwa rabin waken da muke sayarwa daga wajen dangi yake zuwa. A wannan shekarar kuɗin da nake tarawa na lefe su suka tafi makaranta. Ba wanda ya tilasta ni, amma kuma ba zan yi ƙaryar cewa ban ji zafi ba. Yarinyar ta jira shekara guda, daga baya iyayenta suka ba wani. Allah ya ba su zaman lafiya.

Duk tsawon lokacin nan abin da muke jira mu gani shi ne ko yaron zai dawo da wani canji a addininsa. Baffa har leƙen sahun asuba yake yi idan an yi hutu. Canjin ya zo, amma ta ƙofar da ba wanda ya tsare.

A hutun Disambar 2024, lokacin ajiyar wake, Auta ya zo sito ya tarar yara sun baza wake a kan tamfol ana yayyafa masa fiya-fiya kafin a ɗura a buhu, kamar yadda muka saba, kamar yadda kusan kowa yake yi a layinmu. Ya ɗauki kwalbar ya karanta, ya ce a tsaya. Baba ya ce wa ya ce a tsaya? Ya ce, "Baba, wannan guba ce, kuma yadda take kashe ƙwaro haka take kashe mutum, hanyar ɗaya ce." Baba ya dube shi ya ce, "Da wannan waken aka biya kuɗin makarantarka." Sito ya yi tsit. Wallahi ban taɓa jin Auta ya mayar wa Baba magana ba, ranar ma bai mayar ba, ya sunkuyar da kai ya fita.

Da dare bayan isha'i ya same shi a zaure ya durƙusa, ya ce a ba shi izini ya yi bayani, ina wurin. Ya ce jijiyoyin jiki suna aika wa tsoka saƙo ne da wani sinadari, da saƙon ya isa kuma akwai wani enzayim, wato wani ma'aikacin sinadari, da aikinsa shi ne ya share saƙon nan take don tsoka ta huta. Maganin da ke cikin fiya-fiya, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, wannan ma'aikacin yake kamawa ya ɗaure. Sai saƙo ya yi ta tafiya ba mai tsayar da shi: yawu ya yi ta zuba, gumi, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, jiki ya yi ta rawa, idan ya yi yawa numfashi ya tsaya. Ya ce manja da madarar da ake ɗura wa mutum ba sa kwance wannan ɗauri, asibiti ne kawai, akwai allurar da ake yi. Yana cikin lissafa alamomin nan na ga fuskar Baba ta canza, domin bara waccan wani ɗan dakonmu ya kwana a sito lokacin sanyi, da safe aka same shi daidai a wannan hali, muka ce iska ce ta taɓa shi, muka ɗura masa manja. Allah ya yi da sauran kwanansa. Auta bai san da labarin ba.

Ya ƙara da cewa saboda ragowar wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Baba ya ce shi bai taɓa sayar wa Bature wake ba. Auta ya ce, "Haka ne Baba, mu muke cinye shi." Sannan ya kawo maganar buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka yaɗa shi a Najeriya da Nijar. Mun san buhun, muna ganinsa a kasuwa, tsadarsa ce ta sa ba mu kula shi ba, kuma ba mu yarda buhu zai kashe ƙwaro ba magani ba. Ya ce ba buhun ke kashewa ba, ƙwarin ne da kansu suke shaƙe 'yar iskar da ta rage a ciki, idan aka ɗaure kowace leda tam ba ta samun sabuwa, sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe. Sharaɗin shi ne wake ya bushe sosai, kuma kada leda ta huje. Ya ɗan taɓo gyaɗa ma, ya ce fumfunar da take yi idan an tara ta da danshi tana fitar da wata guba mai lalata hanta wadda suya ba ta kashe ta, amma Baba ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka na dare ɗaya.

Bai ce ya yarda ba. Washegari dai ya ba ni kuɗi ya ce in sayo guda ashirin a gwada. Muka ɗura, Auta da kansa ya matse iskar ya ɗaɗɗaure, muka jera su a kan katako a gefe guda. Ba mu buɗe ba sai watan Yuni na 2025. Sha takwas suka fito fes kamar ranar da aka zuba, ba wari ba huji. Biyu ɓera ya fasa, waɗannan kam sun zama gari. Wata mai ƙosai da ke saye a wurinmu ita ta fara cewa a riƙa ware mata na ledar, ko da ƙarin kuɗi. Ba zan ce mun daina fiya-fiya gaba ɗaya a lokaci guda ba, jari bai kai ba, amma kakar da ta biyo baya fiye da rabin ajiyarmu a leda aka yi ta, kuma Baba ya hana kowa kwana a sito. Baffa kuwa, da aka ba shi takardar gwajin jini a asibiti bai gane ta ba, cewa ya yi in ɗauki hotonta in tura wa "likitan gidanmu". Auta ya ce a gaya wa Baffa shi ba likita ba ne, ya koma wurin wanda ya rubuta gwajin, amma ya rage shan shayi mai sukari kafin nan.

Yanzu yana shekarar ƙarshe. Har yau yana kirana da dare ya karanta shafinsa, ko da yake wani lokaci ni ne barci yake kwashewa. Idan aka tambaye ni ko zan ba kowa shawarar ya kai ɗansa, sai in ce a'a. Yaron da bai san tsarkinsa ba, ko mai saurin bin abokai, ko wanda ba shi da mai tsaya masa a can, ni ba zan kai shi ba. Ƙanwarmu ma da take son aikin jinya ba mu yi tunanin kai ta can ba, saboda dokar tufafin makarantar ba ta yi daidai da hijabinta ba, tana nan tana neman na kusa. Kuma da a ce a 2022 an ba Auta gurbi a Damaturu ko Gashuwa ko Maiduguri, da wannan labari bai taso ba, da kuma ina da mata yanzu.

Duk wannan na zayyana wa mutumin nan na uku, yana zaune a kan buhun da malamin Kemistiri ya zauna a kai. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Ya ce maganar makaranta sai ya shawarci uwar yaron da kuma malaminsu. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, har ya kai bakin rumfa sai ya juyo ya ce, "Wai buhun ledar nan, nawa kuke sayen ɗaya?"